Nasiha ga 'Ya'yan Ƙasar Gumel Masu Neman Tallafin Ƙaro Karatu

'Ya'yana, maza da mata, na Gagarawa Tasha da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, waɗanda Allah Ya nufa kuka gama digirin farko, kuka yi hidimar ƙasa, kuka dawo gida da takarda a hannu da sha'awar ƙaro karatu a zuci. Na san amsar da yawancinku ke bayarwa idan aka tambayi abin da ya hana ku komawa makaranta: babu hali. Gaskiya ce. Mahaifin da ya yi shekara huɗu ko biyar yana sayar da riɗinsa da tumakinsa har aka kai ga digiri ya sauke nauyinsa, ga ƙanne a baya suna jiran nasu, kuma bai kamata a sake ɗora masa wata ɗawainiyar ba. Sai dai akwai maganar da kan biyo bayan wannan, wadda ba na so ta zauna muku a rai, wai tallafin karatu na 'ya'yan manya ne, sai wanda ya san wani a Dutse ko Abuja. Ba zan ce sanayya ba ta aiki a ƙasar nan ba. Amma kaso mai yawa na kuɗin da ake bayarwa don digiri na biyu da na uku, masu rabonsa ba su san mahaifin kowa ba. Suna zaune ne a Landan da Bon da Jidda da Ankara, wasu kuma nan kusa a Kano da Ibadan, takarda kawai suke gani. Saboda haka abin dubawa shi ne me aka rubuta a takardar.

A nan ne yaranmu da yawa ke tuntuɓe, kuma ba na ganin laifinsu, don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu. Idan yaro ya kawo mini wasiƙarsa in duba masa, kusan kullum farkonta ɗaya ne: ya fito daga gidan talakawa, jiharsa tana baya a ilimin zamani, tun yana ƙarami yake son fanni kaza, in aka taimake shi zai dawo ya ciyar da ƙasa gaba. Duk gaskiya ne, kuma har zuci ya faɗa. To amma wanda zai karanta yana da tarin wasiƙu a gabansa daga Kenya da Fakistan da Bangaladash, kowace da irin wannan kukan, shi kuwa ba shi da mudun auna talaucin wani da na wani. Abin da aka ɗora masa ya nemo shi ne mutumin da ya zo da tambaya takamaimai, wadda amsarta za ta amfani jama'a, kuma akwai alamar shi ɗin zai iya binciko ta. A matakin digiri na biyu da na uku, aikin da za ka yi ake biya.

Tambaya kuwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Ku dubi garin da muke ciki. Gagarawa Tasha ta samu sunanta daga layin dogon da ya taso daga Kano, ya biyo ta Ringim da Taura, ya ratsa nan, ya wuce Malam Madori har ya kai Nguru a 1930. An shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da fatu zuwa bakin teku. Yau gyaɗa ta ja baya, riɗi da zoɓo da ƙaro sun shigo gaba, manyan motoci sun karɓi aikin jirgi, amma tsarin yana nan: mu ne da noma, wasu ne da gwaji a ɗakin bincike, su ne za su ce wannan kaya ya shiga, wancan a mayar da shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Ƙasar Mekziko, wadda ke cikin manyan masu sayen zoɓonmu, ita ma ta taɓa dakatar da saye saboda wani ƙwaron rumbu da aka gani a cikin kayan. Da aka rufe wannan ƙofar, har manomin Sule Tankarkar sai da ya ji a jikinsa. A wane mataki ƙwaron ke shiga, a gona ne, ko wurin shanya, ko a siton dillali, ko a kan hanyar Legas? Wannan kaɗai ya isa kundin digiri na biyu.

Ku je Maigatari ranar Alhamis ku tsaya a kara. Shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga Nijar da gaba da ita, a loda su a motoci zuwa kudu. Mai karatun likitan dabbobi yana da aikin shekaru a wurin, ya bi sawun ciwon huhu da boru yadda suke ƙetare iyaka. Mai karatun tattalin arziki kuma ya tambayi abin da ya sami fatake da dillalai da masu canjin sefa lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowa a garin yana da labarin abin da ya faru da shi, amma labari daban, rubutaccen bincike mai alƙaluma daban. Ku ƙetara kaɗan zuwa ƙasar Magarya da Matamai ku ga yadda gawo ya cika gonaki. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke toho, suna barin kututture ya sake zama itace, har masana suka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Ƙasarmu iri ɗaya, ruwan samanmu kusan ɗaya, harshenmu ɗaya. Me ya sa abin ya kama a can fiye da nan? Dokar daji ce, ko tsarin mallakar gona, ko kasuwar itacen girki? Masana daga Turai da Amurka suna kashe kuɗi mai yawa su zo su yi wannan tambayar ta bakin tafinta. Kai kuwa da harshen uwa za ka yi ta, a gidan kawunka za ka kwana.

Yanzu ka kwatanta wasiƙar da na ambata da wadda ta fara kamar haka: "A ƙauyukan da ke kewaye da Gagarawa manomi yakan sayar da wakensa da kaka a farashi mai arha don tsoron ƙwari, wanda ya ajiye kuma sai ya zuba masa magani. Na yi shekara biyu ina koyar da aikin gona a wata sakandare ta yankin, na zauna da manoma da dillalai, na ga buhun nan mai ruɓi uku da ba ya buƙatar magani yana nan a kasuwa, amma ba kowa ke amfani da shi ba. Ina so in gano dalili: tsada ce, ko rashin sani, ko kuwa dillali ne ba ya bambanta farashin wake mai magani da marar magani." Babu kuka a ciki ko kaɗan, amma mai karatu ya san daga inda yaron ya fito, ya san ya yi aiki, ya san abin da zai yi da kuɗin. Shi kansa buhun da ake magana, bincike ne ya haife shi, tsakanin masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a Kamaru, aka kuma gwada shi sosai a hannun masu binciken noma na Maraɗi.

Haka magabatanmu suka yi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da ya samu tallafin zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, dukansu da sanin ajin Arewa suka tafi. Malam M. K. M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a Landan a 1969 a kan nahawun Hausa. Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Jami'ar Indiyana a 1975 a kan Mamman Shata, daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero. Abin gida suka ɗauka suka kai, aka karɓa da daraja. Ga kuma Farfesa Abba Gumel, wanda sunan wannan ƙasa ke manne da nasa: ya gama Jami'ar Bayero a 1989, ya yi digiri na uku a Jami'ar Brunel ta Ingila a 1994, ya koyar a Manitoba ta Kanada, ya koma Arizona, sannan Maryland, yana amfani da lissafi wajen gano yadda cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa da yadda za a tare su. Duk yaron da ke son lissafi a ƙasar nan ya kamata ya san da shi.

Shawarata ita ce ku fara duba kusa kafin ku hangi nesa. Na lura da zarar an ce tallafi sai hankalin yaro ya tafi Ingila. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin noma a busassun yankuna da aka fi sani da CDA, wadda aka kafa a 2012 da taimakon Gidauniyar MacArthur, ta kuma shiga sahun cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2014. Tana ba da digiri na biyu da na uku a kan amfanin gona da kiwo da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi, ɗalibai suna zuwa mata daga Nijar da sauran maƙwabta, ta kuma sha ɗaukar nauyin bincikensu. Wanda tambayarsa ta shafi gero da wake da ƙuduji da ƙasar jigawa, ban ga inda ya fi masa nan ba, don gonar gwajinsa tana hannunsa. A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsa a ƙarshen 2019. A Jami'ar Gana akwai WACCI, tun 2007 tana horar da masu inganta iri har digiri na uku, tsarinta kuwa shi ne a yi darasi a can, a dawo gida a yi binciken a kan amfanin gonar ƙasarku. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa, yana da reshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da kuma a Minna, duk a kan sauyin yanayi. Tarayyar Afirka tana da jami'arta ta nahiya, reshenta na kimiyyar rayuwa da ƙasa yana Ibadan, na ruwa da makamashi yana Tilimsan ta Aljeriya. Masu lissafi kuma su nemi AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta kuma yi rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. Wanda ta ɗauka, ci da kwana da karatu duk a kanta.

Na gwamnati kuwa, sai a bi su da sanin halin da ake ciki. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, yana tura ɗalibai digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, a gida da kuma ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Faransa da Malesiya. Yana la'akari da wakilcin jihohi, shi ya sa takardar shaidar ƙaramar hukuma take cikin abin da yake nema, kuma shi ya sa nake jin zafi idan na ji ɗan Jigawa mai sakamako mai kyau a injiniya ko kimiyyar ƙasa bai ko cike fom ba. TETFund na malamai ne da ke aiki a jami'o'i da kwalejojin gwamnati, ta hannun makarantarsu suke nema. Wanda ya samu koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, ko ta Tarayya da ke Dutse, ko ta Fasaha da ke Ɓaɓura, wannan ƙofar tasa ce. Tsohon shirin nan na yarjejeniya tsakanin Najeriya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, gwamnati ta sanar da dakatar da shi a 2025, bayan ɗaliban da ke can sun sha wuyar jinkirin alawus. Kuɗin NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 rance ne, ana biyansa daga baya, kada a ɗauke shi kyauta. Hukumar tallafin karatu ta jiha tana Dutse, ku riƙa leƙawa kuna sauraron sanarwarta.

Na ƙasashen waje suna da yawa, kowanne da sharaɗinsa. Chevening ta gwamnatin Ingila, wadda ta fara a 1983, tana biyan digiri na biyu na shekara guda, amma sai wanda ya yi aikin da ya kai awa 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, kuma dole ya dawo gida ya yi aƙalla shekara biyu bayan ya gama. Shirin DAAD na Jamus na fannonin raya ƙasa shi ma yana neman aikin shekara biyu. Ku lura da wannan da kyau, ku da ke zaune kuna jiran a ɗauke ku aikin gwamnati: a Chevening aikin sa-kai ma ana lissafa shi. Koyarwar da kake yi a makarantar unguwa, ko riƙe wa ƙungiyar manoma littafi, ko aikin rigakafi da asibitin gari, duk aiki ne, in dai akwai shugaban da zai sa hannu ya shaida. Zaman majalisa shekara biyu kuwa ba shi da inda za a rubuta shi a fom. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai tana kai ɗalibi ƙasashe biyu ko fiye a digiri guda, da alawus na Yuro 1,400 a wata, kuma 'yan Najeriya suna cikin waɗanda suka fi samunta. Akwai kuma tallafin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila tun 1959. Turkiyya tana ɗauka, tare da shekarar koyon harshe, amma tana son mai digiri na biyu ya kasance ƙasa da shekara 30, mai na uku ƙasa da 35. A Saudiyya, Jami'ar KAUST da ta Sarki Fahad da ke Zahran suna ɗaukar nauyin ɗaliban kimiyya da injiniya, haka ma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da nasa shirin. Fulbright ta Amurka tana da wani reshe da ke kai matasan malamai su koyar da harshensu a jami'o'in can na shekarar karatu guda, Hausa tana ciki. Sai dai daga 2025 sha'anin bizar Amurka ga 'yan Najeriya ya tsananta, a bincika halin da ake ciki kafin a kashe kuɗi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kayar da yaranmu, wanda ba ruwansa da ƙwaƙwalwa: takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma yau ɗin nan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Za ka iya tarar da Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Moh'd a ta jami'a. A wata sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata kuma an liƙa Gagarawa. Ranar haihuwa a katin ɗan ƙasa daban, a takardar haihuwa daban. Mu nan mun san duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke Jamus mutum uku yake gani, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba, ajiye fayil ɗin zai yi ya ɗauki na gaba. Na ga yaron da ya haye duk matakai, aka zo kan biza, harafi biyu suka tsayar da shi har wa'adi ya wuce. Gyaran yana ɗaukar lokaci: rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, gyara a ofishin katin ɗan ƙasa, sannan fasfo ya fito daidai da sauran. Kuma ina roƙonku, kada iyakar shekarun da wani shiri ya sa ta ja ku ga rage shekaru. Ƙarya guda a takarda takan bi mutum har ritaya, ga kuma shirye-shirye da dama da ba su sa iyakar shekaru ba.

Cikakken sakamakon jami'a, wanda ake ce wa taranskirif, a neme shi tun ba a buƙace shi ba, don yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Fasfo ma haka. Jarrabawar Turanci ta IELTS tana da tsada, sakamakonta kuma shekara biyu yake aiki, don haka kada a zauna ta sai an tabbatar shirin da ake nema yana buƙatarta. Wasu jami'o'in sukan karɓi wasiƙar da ke shaida cewa da Turanci aka koyar da kai. Kowace takarda a ɗauki hotonta mai kyau, a ajiye a imel, ba a waya kaɗai ba, waya tana faɗuwa. Adireshin imel ɗin ya kasance da sunanka na gaskiya, kuma ka riƙa buɗe shi kullum, ko da sai ka taka zuwa inda sabis ya fi ƙarfi, domin gayyatar intabiyu takan zo da wa'adin 'yan kwanaki.

Sai malaman da za su shaide ka. Wanda ya duba kundinka na digirin farko ya fi maka wani babban farfesa da bai san fuskarka ba, don shi ne zai iya cewa ya ga yadda kake aiki. Kada sai ranar buƙata ka tuna da shi. Ka riƙa gaishe shi da salla, ka sanar da shi inda kake da abin da kake yi. In lokaci ya yi, ka ba shi wata guda, ka haɗa masa da wasiƙarka da bayanin shirin, ka tuna masa cikin ladabi idan wa'adi ya matso. Mai neman digiri na uku kuma sai ya nemi malamin da zai duba aikinsa tun kafin ya cike fom. Ka karanta maƙalarsa biyu ko uku har ka fahimta, sannan ka rubuta masa gajeren saƙo, ka faɗi abin da ka karanta, da inda ya haɗu da tambayarka, da abin da kake da shi wanda shi ba shi da shi, wato ƙauyuka da manoma da harshe. Wasiƙarka kuwa ka rubuta ta da kanka. Wadda aka kwafo, ko wadda na'ura ta tsara, takan fito sumul, amma ranar intabiyu za a tambaye ka abin da kake nufi da jimla kaza, kuma a nan ake gane mai ita.

Abu biyu ku yi hattara da su. Na farko mai cewa a ba shi kuɗi ya samo maka gurbi. Chevening da DAAD da Erasmus da na Turkiyya duk kyauta ake nemansu a shafinsu na intanet, ba su da dillali. Ga kuma jami'o'in da ba su da tushe. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, kuma abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Na biyu shi ne rabin tallafi, inda jami'a za ta ce ta rage maka wani kaso na kuɗin makaranta, sauran da haya da abinci a kanka. Yaro ya yi murna, a sayar da gona a biya zangon farko, a ce sauran Allah zai kawo. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A 2024 ɗin aka sallami wasu ɗaliban Najeriya daga Jami'ar Teesside ta Ingila saboda abin da suka tara ya kasa biyan kuɗin makaranta. In tallafi bai haɗa kuɗin makaranta da na zama da na jirgi ba, a ganina gara Kano ko Zariya, gonar kuma a bar ta.

Ke kuma 'yata, wannan magana har da ke, kuma ba a matsayin cike gurbi ba. Asibitocinmu da makarantunmu na mata suna buƙatar waɗanda suka yi zurfi, kuma akwai tambayoyin da namiji ba zai iya shiga cikin gida ya yi su ba: abincin yara, lafiyar masu ciki, sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, adashin mata. Yawancin masu ba da tallafi suna neman mata ido rufe. Gidauniyar Schlumberger tana da shiri tun 2004 na mata zalla masu digiri na uku a kimiyya da injiniya. Wadda aure ko goyo ya hana ta tafiya, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila tana da tallafin digiri na biyu da ake yi daga gida ta intanet, ga kuma Kano kusa. Ina kira ga iyaye da mazaje su zauna a yi shawara tun farko, a duba wanda ya dace da halin gidan, maimakon a bari sai takarda ta fito sannan a ce ba a yarda ba.

Wanda Allah Ya ba shi tallafi, ya sani amana ya karɓa. Ya faɗa wa iyayensa gaskiyar alawus ɗinsa, domin a gida za a buga shi da naira a ga kuɗi mai yawa, alhali haya kaɗai takan ci kaso mai tsoka. Ya zauna da gindinsa tukuna kafin ya fara aike. Ya nemi masallaci da 'yan'uwa tun makon farko, don kaɗaici da sanyi sun fi karatun wuya ga wasu. Sannan ya dawo idan ya yi alkawarin dawowa. Daga ranar 1 ga Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje, dalilan da ta bayar kuwa su ne tsada da yawan waɗanda suka gama suka ƙi komowa. Waɗancan sun samu abin da suke so, amma malamin da ke kan layi a Gumel ko Kafin Hausa, wanda bai ci ba bai sha ba, shi aka rufe wa ƙofar waje. In ka dawo kuma, ka buɗe fayil ɗinka ka nuna wa na baya, wasiƙar da ta ci da waɗanda suka faɗi duka.

Faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ce, yawancin waɗanda suka samu sai da aka ƙi su a wani wuri. Kada a jingina da shiri ɗaya. A nemi uku ko huɗu da suka dace da fannin mutum, a gyara wasiƙar ta dace da kowanne. Ku kuma lura da lokaci. Chevening takan buɗe a Agusta, shirye-shiryen DAAD da dama sukan rufe tsakanin Agusta da Oktoba, na ƙasashe rainon Ingila da Erasmus galibi daga Satumba ko Oktoba zuwa Janairu, na Turkiyya daga Janairu zuwa Fabrairu. Kusan duk sun faɗo ne tsakanin maimai da girbi da sussuka da cirar zoɓo, lokacin da ɗan manomi ba ya samun zama. Don haka gyaran suna da fasfo da taranskirif da rubutun farko na wasiƙa, a gama su da rani, kafin ruwan shuka ya sauka.